Tsaga Shida da Na Shafe da Yatsana

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, shi ne kuma wanda na fi daɗewa ina kewaya shi. Ƙuruciyata a Maradi na rubuta muku ita ba wahala, haka zuwana Yamai a bayan kamiyon albasa, amma shekarar da aka sallame ni daga aiki, duk sanda na ɗauki alƙalami sai in tuna ina da wani uzuri a waje. Kun girma kuna jin ana cewa an kori babanku saboda satar siminti. A bakin famfo buhu goma ne, a fadar masu shan shayi ta ƙofar mai gyaran babur kuwa har ya kai mota guda. Ban taɓa tanka wa kowa ba, ku kuma kunya ta hana ku tambaya. To ku ji daga bakina, ko cikin cokali ban ɗauka ba. Ƙara siminti na yi inda ba a sa ni ba, shi ne ya ja mini.

Sai kun san kakanku kafin ku gane yadda haka ta faru. Maginin ƙasa ne, kuma bai taɓa iya wuce bango mai tsaga bai tsaya ba, ko da bangon maƙiyinsa ne. Mutane na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, suna nufin zaman jama'a, shi kuwa bangon yake nufi da ƙadangaren. In muka yi yaɓe ya dawo ya ga layi ko da siririn gashi ne, ba ya faɗa. Sai ya kama babban yatsanka, ya tsoma shi cikin kwaɓi, ya murza shi a kan tsagar har fatar ta ɗau zafi. A wurinsa tsaga abin kunyar magini ce, ana rufe ta kafin mai gida ya fito. Da wannan yatsa na zo Yamai, na yi shekaru ina ginin bulo a unguwanni, har Allah ya haɗa ni da aikin labo, wato ɗakin da ake gwada ƙarfin kankare kafin a yarda a yi gada ko bene da shi. Aikina shi ne in kwaɓa yadda aka rubuta, in zuba a gwangwanayen ƙarfe, in ya daskare in fitar da curin in jiƙa shi a kwamin ruwa, ranar da kwanakinsa suka cika a sa shi a inji a matse har ya fashe. Shekara goma sha tara na yi a nan ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba, kuma ina taƙama da wannan fiye da yadda ya kamata.

A shekarar da nake magana, saura mini wata goma sha shida in yi ritaya. Muna zaune a Talaje, a gidan nan mai bishiyar darbejiya da wasunku ke iya tunawa. Lawali, babbanku, yana shekara ta biyu a makarantar kuɗi yana karatun lantarki, kuma albashina kaɗai ke riƙe da shi a can. A lokacin ne labo ya samu aiki daga wani kamfani da ke haƙar mai a gabas, can bayan Difa, aka ɗauko mana sabuwar injiniya don aikin. Sunanta Ramatu, Bazabarmiya ce ƴar Gaweye, ta yi karatu a waje ta dawo. A haife na haife ta, ita ma Baba Isuhu take ce mini, amma a labo Madam ce, ni kuma mai kwaɓi. Ta zo da kwaɓi iri biyar, kowanne da lambarsa, da wani gari mai kama da niƙaƙƙiyar roba da take aunawa a ɗan sikeli irin na masu sayar da zinariya. Sai ta ce lamba kaza, ruwa kaza, minti kaza, ni kuma in yi. Ba ta gaya mini me ake nema ba, kuma ba wulaƙanci ba ne, haka aikin yake tun kafin ta zo: masu farar riga suna riƙe da dalili, mu masu shuɗiya muna ba da hannu. Ni ma ban tambaya ba, don ina ganin tsoho kamata bai kamata ya nuna wa ƴar cikinsa akwai abin da bai sani ba game da siminti.

Wata Alhamis aka aiko mini mijin ƙanwata ya rasu a Doso. Na fita cikin gaggawa ban cika kwamin ba, ga shi tsakiyar bazara, lokacin da ko randa sai an duba ta sau biyu a yini. Litinin da sassafe na dawo, na riga kowa shiga. Ruwan ya ja ƙasa, curi shida na lamba uku suna tsaye kawunansu a waje sun bushe, kuma kowanne da tsaga tun daga sama har ƙasa. Sauran kwaɓi huɗun suna kulle a akwatin zafi na Madam, ita kuma mai gadi ya ce mini ta tafi gabas sai bayan sati biyu. Ban yi shakka ko kaɗan ba, sakacina ne ya fasa su. Shekara goma sha tara ba tabo, ga shi yanzu yarinya za ta dawo ta tarar tsoho ya kasa ko cika kwami.

Ba zan ce muku na zauna na yi shawara da zuciyata ba, don ban yi ba. Kafin in ankara na dama madarar siminti a gwangwanin tumatir, na tace ta da tsumma. Na ɗora kowane curi a cinya, na ɗura madarar a tsagar har ta ƙoshi, na murza da yatsa, na bi da jiƙaƙƙen soso. Aiki ya yi kyau, wannan kam ba zan yi muku ƙarya ba. Da na mayar da su ruwa na cika kwamin, ni kaina sai na karkata kai kafin in ga inda layin yake. Na wanke gwangwanin, na ji sanyi a raina, har na sayi ƙosai a hanya.

Da Madam ta dawo ta fara gwaji. Takan sa curi a cikin wani bututu mai roba, ta tura mai da famfo ta sama, ta ajiye ƙaramin kofin gilashi a ƙasa tana jiran ɗigo. Sauran lambobin duk sun ɗiga, wani da yawa, wani kaɗan, lamba biyar ya ɗiga ya ɗiga sannan ya tsaya. Lamba uku kuwa ko jiƙa kofin bai yi ba. Ta canza curi, haka. Ta sake, haka. Na gan ta tana tafa hannu ita kaɗai kamar ƙaramar yarinya, ni kuma ina gefe ina godiya ga Allah da asirina ya rufu. Ranar Juma'a direkta ya sa aka kawo gasasshen rago da lemo, aka tara mu duka a tsakar labo har da mai gadi. A nan ne, don murna ta buɗe mata baki, ta yi mana bayani karo na farko, da Hausa, don mu na ƙasa mu ji.

"Rijiyar mai ba irin tamu ba ce," in ji ta. "Ana huda ƙasa da zurfi ƙwarai, a zura bututun ƙarfe, a tura siminti tsakanin bututun da ƙasa ya toshe ko'ina. In ba haka ba, mai da gas su hau ta gefe su shiga ruwan da mutane ke sha. Amma can ƙasa akwai zafi da nauyi, siminti na tsagewa, kuma ba maginin da zai iya sauka ya shafe. Shi ya sa muke zuba garin nan, polimer sunansa. In mai ya taɓa shi sai ya kumbura ya toshe tsagar da kansa."

Mai gadi ya ce, "Madam, to ta yaya kika san ya toshe?"

"Ni da kaina nake tsaga su a inji, in bar su, sannan in tura mai in gani. Lamba uku ranar Asabar na tsaga su kafin in tafi, akwatin zafi ya cika, na bar su a kwamin Baba Isuhu. Ku tafa masa, shi ya kula mini da su."

Suka tafa mini. Ina da tsokar nama a baki, na kasa taunawa na kasa tofarwa. Ta ci gaba da cewa lamba uku shi ne mafi arha, garin da ke cikinsa kaɗan ne, don haka kamfani zai yi murna. Da shi za a rufe wata tsohuwar rijiyar mai da aka gama da ita, kuma ba nisa da ita akwai rijiyar makiyaya, ta ga mata da raƙuma a bakinta tun hantsi har la'asar. Ran Litinin za ta sa hannu a takarda. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ran nan na gane sanin da ya zo a makare shi ma da nasa duhun.

Ban wuce gida ba. Na tuƙa babur zuwa Gaweye, na zauna a bakin kogi kusa da gada ina kallon masu wanki suna buga kaya a kan duwatsu. Lissafin a fili yake. In na yi shiru, ba mai sani sai Allah, in gama watannina, Lawali ya gama karatunsa, a tura simintin da ba a gwada ba cikin ƙasa kusa da ruwan mutane. In na yi magana, na san direktanmu, ba zan kai ƙarshen wata ba. Na yi ta nema wa kaina mafita, ina cewa wataƙila lamba ukun nagari ne ko ban taɓa shi ba. Da na gaji da yaudarar kaina sai na tafi Zongo wurin yayana Hamisu, baffanku tela, don na san abin da zai ce kuma shi nake son ji. Bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba har na gama.

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mi kake nema? Baki shi ke yanka wuya, Isuhu. Masu digiri sun auna sun ce ya yi, kai da ko satifika ba ka da shi za ka ce bai yi ba? Kai ka san mutanen dajin nan? Ɗanka ka sani. Ka tashi ka tahi gida, ka ci tuwo, ka yi istigfari."

Ba na zarginsa, Allah ya jiƙansa. Shi ya ɗauko ni daga tasha ranar da na sauka garin nan, kuma tsoron da yake ji domina ne. Na fito da ƙarfina, na ce magana ta ƙare. Amma a gida akwai innarku Rabi, ita kuwa ba a shigar mata gida da fuska biyu. Tana tsinke zogale a tabarma na yi sallama, ta dube ni sau ɗaya ta kori ƙanana waje.

"Malam, an ce rago aka gasa muku, ka shigo kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Mi ya faru?"

Na gaya mata duka, har da shawarar Yaya. Na zaci za ta fara da tausayi, sai ta fara da faɗa.

"Kai da wannan yatsa naka! Bangon maƙwabta ba ka bari ba, tukunyata ba ka bari ba, yanzu har kayan gwajin mutane? Wa ya aike ka?"

Ta ci gaba da tsinkar zogalen, can sai ta tambaya a hankali ko ruwan nan da gaske mutane ke sha. Na ce haka Madam ta ce. Ta ce ita a ƙauye ta tashi, ta san in rijiya ta lalace ba a canza ta kamar riga, garin ne ke tashi.

"Ka ji, Malam. In ka yi shiru ni zan ci tuwo, yara za su ci. Amma kai na san ka, ba za ka ƙara cin abinci da daɗi ba, kuma ni zan zauna da kai. In ka faɗa, na iya dambu, na iya kopto na zogale, sayarwa a ƙofar gida ba ta gagare ni ba. Abu guda nake roƙo. Babban yaron nan shi zai ɗauki nauyin wannan magana, ba ni ba, ba kai ba. Ka zaunar da shi ka gaya masa, ka ji ta bakinsa kafin Litinin."

Na ce to. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, Lawali yana zaune a ƙarƙashin darbejiya da littattafansa da wasu wayoyi yana haɗawa, na wuce shi ya fi sau goma ban tsaya ba. Kunyar ɗan fari na fake da ita, na ce ba a irin wannan zance da shi. Wannan shi ne abin da innarku ta roƙa, shi ne kuma ban yi ba.

Litinin na sami Madam a ofis, takardar na gabanta. Na cire hula, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce ina da magana. Na faɗa mata tun daga rasuwar Doso har gwangwanin tumatir. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tashi ta ɗauko curi guda na lamba uku, ta sa a inji ta raba shi biyu. Ga madarata nan a ciki, fari-fari, ta bi tsagar kamar jijiyar ganye. Ta daɗe tana kallo, ta ambaci sunan Allah da Zabarmanci, sannan ta zauna a kan buhun yashi da farar rigarta.

"Baba, ka san abin da ka yi mini?"

"Na sani, Madam. Na ɓata miki aiki."

"Da ka bari na sa hannu, sunana ne a ƙasan rijiyar nan har abada." Ta share fuska da bayan hannu. "Wata biyu muna aiki tare. Mi ya hana ni in gaya maka tsagar tawa ce? Mi ya hana ni in raba guda in duba kafin in yi murna?"

Na ce mata laifin nawa ne, ta ce kowa ya ɗauki nasa. Tare muka shiga wurin direkta. Ashe tun ranar Juma'a ya buga wa kamfani waya ya yi musu albishir, yanzu sai ya koma ya janye, a sake gwaji na fiye da wata guda. Ya yi ta faɗa da Faransanci har jijiyar wuyansa ta tashi. Madam ta tsaya a gabansa ta ce a rubuta rabin laifin a kanta, ita ce ba ta ba da umarni a fili ba. Ya ce ita ba zai iya rasa ta a tsakiyar aiki ba, amma dole kamfani ya ji an hukunta wani. Kafin azahar na miƙa shuɗiyar rigata. Abin da ta iya ƙwato mini shi ne ba a rubuta korar a matsayin babban laifi ba, don haka shekaruna ba su zube ba, sai dai in jira lokacin fansho ya yi. Direkta ya hana a faɗi dalili don kare sunan labo, inda aka rufe baki kuwa kowa sai ya ƙera nasa labarin.

Shekarar ta yi mana tsawo. Na koma hawa sikafa a wurin gini ina da shekara hamsin da takwas, ina miƙa wa yaran da na koya wa aiki gaisuwa don su tuna da ni in an samu gini. Muka bar gidan darbejiya muka koma ɗaki biyu a bayan kasuwa. Innarku ta kafa tebur a ƙofar gida, kuma ban taɓa jin ta ce da na sani ba, ko sau ɗaya, ko a ranar da muka sha faɗa kan wani abu dabam. Wanda ya yi aure zai san girman wannan. Lawali ya ƙarasa watannin da aka riga aka biya, daga nan ya ɗaure littattafansa a kwali ya tura ƙarƙashin gado, ya je ya karɓi taksin wani Alhaji yana tuƙawa. Na ce masa kawai aiki ya ƙare, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Duk yamma yakan ajiye wa uwarsa abin cefane a kan tebur ya wuce ɗaki. Da kuɗin taksin nan ku ƙanana kuka yi lakwal, wato makarantar boko, in ba ku sani ba ku sani yau.

Bayan kamar sati shida, wata Lahadi da hantsi, sai ga Madam a ƙofarmu, ta sha tambaya kafin ta gano sabon wurin. Ta durƙusa ta gaida innarku kamar ƴar gida. Ta buɗe jaka ta fito da rabin curi biyu da gilashin ƙara girma. An sake gwajin tun daga farko, in ji ta, kuma lamba uku da ba a taɓa shi ba mai ya bi ta cikinsa kamar rariya. Lamba biyar ne ya riƙe, da shi za a rufe rijiyar. Ta ba ni gilashin ta ce in duba. Na ga tsagar a fili, na kuma ga garin nan ya kumbura ya cika ta, baƙi-baƙi, ya kama gefe da gefe. Shekara arba'in ina aikin siminti ban taɓa ganin ya gyara kansa ba. Na ce Allah mai iko, na sake dubawa, na kira innarku ita ma ta gani. Ta duba ta ce to, ga abin da ya fi ka iya aikinka, kuma shi ba ya ɓoyewa. Muka yi dariya, dariyar farko a ɗakin nan.

Daga ranar Ramatu ba ta sake mu ba. Duk wanda ta ji zai yi gini a cikin abokan aikinta sai ta ce akwai wani tsoho a Talaje, in ya ce maka abu ya yi to ya yi. Da haka na samu ayyukan da suka kai ni har fansho. Ta kuma gaya mini tun daga lokacin ba ta ƙara ba mai kwaɓi aiki ba sai ta zaunar da shi ta faɗa masa abin da ake nema. Mutum ya ɓata maka aikin wata biyu, ya jawo maka faɗan shugaba, ka saka masa da wannan, ni ban san sunan da zan ba shi ba sai alheri. Ina roƙon ku, ko bayan raina, in kun ji tana da biki ko rasuwa ku je.

Shekara biyar bayan haka ta sake zuwa, lokacin ta zama babba a wurin aikinta, ta dawo daga zagayen duba rijiyoyin da aka rufe. Ta shigo da bido, wato jarka, na lita biyar, ta ce tsaraba ta kawo mini daga gabas, daga rijiyar makiyayan nan ta ɗebo da hannunta. Innarku ta kawo kofi ta fara kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai kanwa ce zalla! Duk wahalar da muka sha a kan wannan ne?"

"Haka yake tun kakanninsu, Inna, haka suke son abinsu," in ji Ramatu. "Ki shinshina. Shi na zo nuna muku."

Na karɓi kofin na kai hanci. Ƙanshin guga ne da ƙasa, ba wani abu. Na sha, gishiri-gishiri, mai nauyi a harshe, na shanye har ƙasa, hawaye na zubo mini ban damu da wa ke kallo ba. Ana cikin haka Lawali ya shigo, ya ajiye taksi ya zo kawo wa uwarsa nama. Ya gaida baƙuwa, ya ga bido, ga zafi, ya tsiyaya ya sha.

"Kai! Wa ke shan wannan? Daga ina?"

Ramatu ta dube ni, ta dube shi, ta sake dubana. Na ga ta gane, na kuma ga mamakinta. Na ce masa ruwan gabas ne, wata rana zan ba shi labari. Ya ce to, ya kurkure baki ya fita, fasinja na jiransa.

Yau shekara tara ke nan da wannan wata ranar. Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ta ƙi rufa mini ido, na gode wa yarinyar da ta raba laifi da ni alhali tana iya jibga mini shi duka, na gode da ban mutu da lamba uku a wuyana ba. Amma Lawali, wannan shafi naka ne. Ruwan da ka sha ran nan, mata da yara da raƙuma na shan shi har yau, kuma karatunka na bayar a kansa. Innarka ta ce in tambaye ka, na ce kunya ta hana ni. Ba kunya ba ce. Tsoro na ji kada ka ce mini in yi shiru, don na san in ka faɗa, da na yi. Ka ɗauki kayan ba ka san ko na mene ne ba, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, kuma na gode. In ka karanta wannan, ka ajiye mota bayan la'asar ka zo ka same ni, ka ba ni amsar da na hana ka bayarwa. Ko wace iri ce zan zauna in ji.